Dashen jami'a ko na bakin titi, ruwan bedi ko maganin kwalba?

Ɗan ƙanwata da ke karatun noma a jami'a ne ya bugo mini waya wata Laraba a ƙarshen watan Yuni. "Kawu, ranar Asabar sashenmu zai sayar da dashen da muka rena a aikin gwaji. In za ka zo ka yi sammako, malamai ne ke fara kwashe na kirki." Na je, na dawo da bayan mota cike da baƙar leda, tun daga ranar kuwa maƙwabta ba su bar ni na sha ruwa ba. Wannan ya ce ko ya fi na masu dashen bakin titi? Wancan ya ce shi saye bai dame shi ba, ƙwari ne suka hana shi sakat, duk abin da ya dasa sai sun ga bayansa. A wurina tambayoyin nan biyu uwarsu ɗaya, domin da yawa daga ƙwarin da ke lambun gida da kuɗinmu muke sayo su, suna maƙale a bayan ganyen dashen da muka ɗauko.

Abin da gandun renon jami'a ya fi kowa da shi, suna ne. Kowace leda da ɗan katinta: wane iri ne, yaushe aka shuka, yaushe aka yi masa aure, wato aka haɗa masa reshen wata bishiya mai kyan iri. Wanda bai taɓa jiran bishiya ba zai ga abin ƙarami ne. Ni na jira. Shekarun baya na sayi mangwaro biyu wajen wani mai dashe a bakin hanya, ya rantse mini Binta siga ne masu aure, har da nuna mini ledar da aka naɗe wurin auren da ita. Shekara shida ina sayen ruwa wajen 'yan garuwa ina zuba musu. Ranar da suka yi 'ya'ya sai ga 'yan mitsi-mitsin nan masu zare, waɗanda in ka sha ɗaya sai ka wuni kana sakace. Ashe bawon kawai aka ɗan kankare aka ɗaure da leda. Kuɗin dashen ban ko tuna nawa ba ne, shekaru shidan nan ne suka tsaya mini a rai.

Mangwaro mai aure na gaskiya yakan fara 'ya'ya a shekara 3 zuwa 4, kuma irin uwar da aka yanko reshenta zai ba ka. Na ƙwallo yakan kai 5 zuwa 8, abin da zai fito kuwa sai ka gani. Haka lemun zaƙi. Dabino ma ya fi su rikici, saboda akwai namiji akwai mace, kuma wanda aka shuka daga ƙwallo ba mai iya gaya maka ko wanne ne sai ya yi fure. Duk wanda ya nuna maka ɗan dabino a leda ya ce mace ce, tambaye shi daga gindin wace uwa aka ɓanɓaro shi. In daga ƙwallo ne, to caca ka saya.

Gane auren gaskiya ba wuya. Ka sa a kwance ledar a gabanka. Za ka ga tabon haɗi, ko a karkace ko kamar tsaga, da ɗan kumburi, kuma launin bawon sama da na ƙasa sukan ɗan sha bamban. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Ba yau jami'o'i suka fara shiga gonakinmu ba, ko da ba mu lura ba. Duk irin wake ko gyaɗa ko masara da ka ga sunansa ya fara da SAM, kamar SAMPEA da SAMNUT da SAMMAZ, daga cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ya fito, wadda ke ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello. Tumatirin nan UC82B da masu noman rani suka daɗe suna shukawa, haruffa biyun farko na Jami'ar Kalifoniya ne a Amurka, can aka samar da shi. Cibiyar binciken kayan lambu ta ƙasa da ke Ibadan tana da reshe a Bagauda. Nan gida Katsina kuma Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, da aka kafa a 2011, tana da tsangayar aikin gona. Inda ake koyar da aure da reno, ba a rasa dashen da ya yi saura.

Sai dai kada in yi wa jami'a kwalliyar da ba ta da ita. Kasuwar tata ba kullum take ci ba, kuma jadawalin karatun ɗalibai take bi, ba na damina ba. Bana an yi dace ta faɗo a farkon ruwa. Wata shekarar tana iya faɗowa a tsakiyar bazara, lokacin da dasa bishiya a Katsina wahalar da kai ne. Hannun ɗalibi kuma hannun koyo ne: cikin lemu huɗu da na ɗauko, ɗaya aurensa bai kama ba, bayan sati uku idon da aka haɗa masa ya bushe, gindin ya ci gaba da tsirowa abinsa. Ba ciniki, ba bashi, ba wanda za ka koma wa ka ce ya sauya maka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne laushin jikinsu. A ƙarƙashin rumfar raga aka rene su, ana ba su ruwa safe da yamma. Gwandar da na yi gaggawar dasawa a fili washegari, kafin la'asar ganyenta ya yi kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Sauran sai da na ajiye su a gindin bedi, ina ƙara musu rana kaɗan-kaɗan har kwana goma.

Mai dashen bakin titi kuwa kullum yana nan. Za ka taya, zai ce albarka, ku daidaita. Kayansa sun sha ƙurar hunturu da ranar Afrilu a inda suke, wanda ya rayu a nan ya riga ya ci jarrabawa. A cikinsu akwai dattawan da suka shekara ashirin da wuƙar aure a hannu, ɗalibi bai isa ya kama ƙafarsu ba. Wani ma zai biyo ka gida ya haƙa ramin ya dasa maka, in ta mutu ka san inda za ka same shi. Matsalarsu, ban da ta suna, ita ce daɗewar dashe a leda. Ka ga itace ya yi tsawo ya yi kyau, ka ce ka samu babba a kuɗin ƙarami, alhali saiwarsa ta naɗe kanta a ciki kamar gammo, ko ta huda ledar ta shiga ƙasa an datse ta da safiyar ranar. Irin wannan yakan shekara biyu a rami bai motsa ba. Ga cunkoso, leda na gogar leda, ƙwaron da ya kama ɗaya ya kama duka. Ƙasar da aka cika ledar da ita ma ba ka san daga wane tsohon lambu aka ɗebo ta ba, kuma ta nan tsutsar nan da ido ba ya gani, mai sa saiwar tumatir da kuɓewa yin ƙulli-ƙulli, take shigowa gida. Furannin da ake lodowa daga kudu a mota kuwa, kyansu na wata guda ne.

Ni dai ga yadda na raba. Duk abin da zan jira shekaru kafin in san gaskiyarsa, mangwaro da lemu da gwaiba da dabino, daga jami'a ko cibiyar bincike zan saya, ko da ya fi tsada, ko da zan jira wata shekarar. In babu, to wajen mai dashen da na ga bishiyarsa tana 'ya'ya a gidan wani da idona. Bedi, lalle, itacen shinge, furen ƙofar gida, abin da ido ke ganewa nan take, bakin titi ya wadatar, har ya fi. Zogale kuwa sayensa ma ɓarnar kuɗi ce, reshe za ka roƙa a maƙwabta ka soka a ƙasa. Tumatir da attaruhu da tattasai, ka sayi irin a takardarsa ka yi renonka a tsohuwar roba, sati 4 zuwa 6 sun isa dashe.

Ko daga ina ka ɗauko, kada ya shiga cikin sauran shukarka ranar. Yaron nan ɗan ƙanwata ne ya koya mini. A wurin sayarwar ya ɗauki wata gwaiba da na zaɓa, ya kifa ganyen, ya nuna mini wani abu fari kamar ɓurɓushin auduga a hammatar reshe, da tururuwa biyu suna kai da komo a kansa. "Kawu, wannan ƙwaro ne, ruwan jikin itacen yake tsotsa. Tururuwar nan kiwonsa take yi, zaƙin da yake fitarwa take lasa." A gandun jami'a fa ke nan. Yanzu duk sabon dashe sati biyu yake yi shi kaɗai a bayan ɗakin girki, ina duba bayan ganyensa, kafin ya ga rami. Ramin kuma ƙafa biyu zurfi da faɗi, da takin da ya riga ya ruɓe. Ƙasarmu jigawa ce, ruwan da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 600 zuwa 700 ba, kuma kafin tsakiyar Oktoba ya ɗauke, don haka wanda ya dasa a Yuli ya ba itacensa wata uku na ruwan kyauta. Ɗanyen taki da karmami a rami kuwa gayyatar gara ce.

To ga ƙwari sun zo, don dole za su zo. Kwalba ko bedi?

A ba maganin kwalba haƙƙinsa. Yana da sauri: ka fesa da yamma, da safe ka ga gawa. An auna ƙarfinsa, na yau daidai yake da na gobe, in dai ba jabu ka saya ba. Ga mai kadada guda ta tumatir a bakin dam ɗin Ajiwa ko Zobe, wanda ya ci bashi ya sayi taki da man injin ban ruwa, faɗa masa ya je ya daka 'ya'yan bedi ba shawara ba ce.

Amma lambun gida ba gona ba ne. A jikin kowace kwalba akwai kwanakin da aka ce a jira bayan feshi kafin a ci amfanin, wani kwana uku, wani sati, wani biyu. Manomi yana girbi ne a rana guda, zai iya lissafi. A gida kuwa uwargida ce za ta aiki yarinya ta tsinko alayyafo da attaruhu uku ana tsakiyar miya, ba wanda zai tuna ran Litinin aka yi feshi. Ga kaji suna tono a gindin shukar, ga yara na tsintar gwaiba a ƙasa. Awon ma na gona ne. Mai kwami huɗu da ido zai zuba, kuma idon Bahaushe a wajen magani kullum ƙari yake yi. Sannan kwalba ba ta san abokin gaba ba ta san ɗan gida ba. Zanzaron da ke gina ɗakin laka a bangonka tsutsotsi yake kamowa ya cusa a ciki don 'ya'yansa. Ƙoƙi-ƙoƙi, gizo-gizo, ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigo-ɗigon baƙi da ke cin darɓa (ƙananan ƙwarin nan masu tsotsar ruwan ganye), duk ma'aikatanka ne marasa albashi. Feshi ɗaya na maganin kwalba irin su sifametirin zai share su, darɓa kuma ta fi su saurin hayayyafa, sai ta dawo ta tarar ba mai tsare gida. Ƙudan zuman da ke sa kabewa da kokwamba su ɗaura 'ya'ya ma haka.

Fiya-fiya kuwa kada ta kusanci abin da za a ci. Sinadarin da ke cikinta, wanda ake rubutawa DDVP, shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Har yanzu ina ganin masu ɗiga ta a bokiti su yayyafa wa salak.

Bedi aikinsa daban. Kanawa su ce darbejiya, wasu dogon yaro, asalinsa dai daga yankin Indiya ne. A 1959 wani masanin ƙwari Bajamushe, Heinrich Schmutterer, ya ga fara ta sauka a Sudan ta cinye kowane kore ta bar bedi tsaye da ganyensa. Daga nan bincike ya kankama, har a 1968 aka ware sinadarin da ke wannan aiki, azadiraktin. Ba ya kashe ƙwaro nan take. Yana hana shi cin abinci, yana hana tsutsa saɓar da za ta girma, yana rage ƙwai. Shi ya sa wanda ya saba da kwalba in ya fesa bedi ya leƙa da safe ya ga tsutsa na motsi sai ya ce ƙarya ne. Ya duba ganyen: ta daina ci. Bayan kwana uku zuwa biyar zai neme ta ya rasa.

Kuskuren da aka fi yi shi ne dafa ganye. Ƙarfin a ƙwayar 'ya'yan yake, ganye kaɗan ne nasa, tafasawa kuma na ƙara raunana shi. Idan 'ya'yan sun nuna sun zubo, a tsince, a wanke naman, a shanya a inuwa su bushe sarai, wanda ya yi fumfuna a zubar. A fasa ɓawon, a sheƙe, a daka ƙwayar. Giram 50 a kowace lita, wato rabin kilo a lita 10; injin feshi na goyo mai lita 16 zai ci giram 800. A jiƙa ya kwana, a tace, a narka sabulun salo kamar girman ƙwallon dabino a ciki don ya kama ganye, a fesa a ranar, da yamma liƙis, a bi bayan ganye inda suke ɓuya. Karon farko a turmin gidan na daka. Kwana uku tuwo da fura suna ɗaci, uwargida ta ce, "Malam, ko ka sayi turminka ko ka bar sana'ar nan." Yanzu ina da wani tsagaggen turmi a bayan gida, da tsohon kallabinta na tata. In ba a tace da kyau ba bakin injin toshewa yake, ka tsaya kana zura tsinke magariba na yi. Warinsa kamar tafarnuwar da ta kwana a ruwa, yana kuma bin hannu.

Nan raunin bedi yake: aiki. Rana tana kashe ƙarfinsa cikin 'yan kwanaki, ruwan sama ya wanke shi, dole a maimaita duk sati. Ƙarfin 'ya'yan wannan bishiya ba lallai ya zo ɗaya da na waccan ba. Kuɗi ba ya ci, lokaci yake ci, kuma sai ka fara da wuri, tun ƙwarin ba su yi yawa ba.

A kan masu tsotso, wato darɓa da farin ƙuda da mai kama da audugar nan, bedi da sabulu sun fi kwalba a wurina ba tantama, musamman in an tare hanyar tururuwa. Na kan yanka rawayar jarka, in shafa mata baƙin mai, in rataye a tsakiyar tumatir. Farin ƙuda yana son launin, yana zuwa ya manne. Shi ne ke ɗauko cutar da ke sa ganyen tumatir ya murɗe ya ƙanƙance, kuma wanda ya riga ya kamu ba maganin da zai tashe shi, na kwalba ko na turmi, tugewa kawai ake yi. Omo ba sabulun feshi ba ne, ƙona ganye yake.

Sharon ce mai wuyar sha'ani. Tsutsar wani ɗan malam-buɗe-littafi ce da masana ke kira Tuta absoluta, daga Kudancin Amurka, ta shiga Sifaniya a 2006, a 2016 kuma ta yi wa tumatirin Arewa kaca-kaca, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kanta, kamfanin tumatirin Ɗangote na Kadawa ya tsaya don rashin kaya. A cikin naman ganye take zama; in ka ɗaga ganyen ka hasko rana za ka ga wani fili fari kamar takarda da ita a ciki da baƙin kashinta. Maganin da ke taɓa waje kawai ba ya isa gare ta, ta kuma riga ta saba da yawancin masu arhar nan. A kwami huɗu, abin da ya yi mini aiki shi ne rufe renon da tsohon gidan sauro, tsinke duk ganyen da ta shiga in ƙona, da bedi duk sati tun daga dashe. In ta riga ta mamaye, bedi ba zai ceto ba. Nan sai maganin kwalba mai sinadarin imamektin, a bi awon da ke jikin takardar, a ƙirga kwanakin jira, a gaya wa duk mutanen gida, kada kuma a nace wa iri ɗaya har ta saba da shi.

Ƙudan da ke sa tsutsa a cikin mangwaro da gwaiba, feshi ɓata lokaci ne a gida. A tsince duk wanda ya faɗo, a ƙulle a baƙar leda a bar shi a rana ya dahu. Gwaiba kuma a sa wa kowace 'ya jakar takarda tun tana ɗanya. Tsutsar saiwa ma ba ta jin feshi: dusar bedin da ta rage bayan tata, in aka cuɗa ta da ƙasa, tana rage ta, sai kuma a huta da tumatir a wurin a sa masara. Gara ce na sara wa. Toka da dusar bedi suna ɗan jinkirta ta, amma in akwai shuri kusa, ko a tone shi har a kai ga uwar, ko a nemi maganin gara na ƙasa a zuba a gindin itacen da bai fara 'ya'ya ba, nesa da rijiya da kwamin ganye. Ban ga abin kunya a nan ba.

Ruwan barkono da tafarnuwa na gwada, yana ɗan kora, bai kai bedi ba, idona kuma ya gaya mini. Ruwan taba kuwa, da wasu ke yabo wai na gargajiya ne, guba ce sosai ga mutum, tana ratsa fata, kuma taba na iya ɗauko wa tumatir da barkono cutar da ke sa ganye dabbare-dabbare. Babban ƙwaron Katsina dai har gobe akuyar maƙwabci ce, ita kuma maganinta waya ko ƙaya.

Alhajin da ke jikin gidana ya saurari duk wannan ya ce shi ba shi da lokacin daka, kasuwa yake wuni. Na ce to ya bar ganyen miya da tumatir, ya dasa lemu da mangwaro da zogale, waɗanda ba sa neman feshi kowane sati. Ya ba yaron nan kuɗin mangwaro uku masu kati tun yanzu, ya ce a ajiye masa in kasuwar ta sake ci. Ni kuma na yi ciniki da jikokinsa: duk tiya guda ta 'ya'yan bedi da suka tsinto mini daga layinmu, akwai ladanta.